SPAN, Pro-Q, RX ko na cikin manhajarka: wace analaiza ce ta dace da aikinka?

Duk wanda ya daɗe a gaban sifikun situdiyo ya san wannan yanayi. Waƙa ta zauna daram a ɗakinka, kana sakawa a mota sai bes, wato sautin kauri, ya cika wuri, kana sakawa a waya sai muryar mawaƙi ta riƙa sukar kunne. Daga nan ne yawancinmu muke fara neman analaiza, wato kayan aikin da ke zana sauti a allo yayin da yake tafiya, ya nuna inda ƙarfinsa ya taru, tun daga kauri mafi ƙasa wajen Hz 20 har zuwa siriri mafi sama wajen Hz 20,000 (Hz shi ne sau nawa sauti ke girgiza a sakan ɗaya). Sai ruɗani ya biyo baya. Wannan ya ce SPAN ya wadatar tunda kyauta ne, wancan ya ce in ba Pro-Q ba ka fara aiki ba, wani kuma ya ce RX ne komai.

Abin da na fahimta bayan na yi aiki da su shi ne, kowanne akwai tambayar da yake amsawa. Mai gyaran tsohon sauti yana tambayar a wane sakan ne matsalar take, kuma a wane mataki na kauri ko sirantaka. Mai miksin, wato mai daidaita murya da kayan kiɗa da juna, yana tambayar wane kayan kiɗa ne ke danne wani. Mai mastarin kuwa, wato mai gyaran ƙarshe kafin waƙa ta fita, yana tambayar yadda waƙar take gaba ɗayanta idan aka jera ta da wata da ta riga ta yi kyau. In ka san tambayarka, rabin zaɓin ya ƙare.

Ma'aunan da za mu bi

Na farko shi ne irin hoton da take zanawa. Akwai mai layi, wanda hagunsa kauri ne, damarsa siriri, tsayinsa kuma ƙarfi ne a desibel, ma'aunin ƙarfin sauti. Wannan abin da ke faruwa yanzu kawai yake nuna maka, abin da ya wuce ya wuce. Akwai mai ginshiƙai, irin wanda ake gani a miksar dandali, galibi ginshiƙi 31, kowanne yana riƙe da sulusin oktaf (oktaf shi ne tazarar da lambar Hz ke ninkawa biyu). Sai taswirar sauti, wadda ake kira sifektirogiram: lokaci yana tafiya daga hagu zuwa dama, mataki daga ƙasa zuwa sama, hasken launi kuma shi ne ƙarfi.

Na biyu, kuma a nan ne mutane da yawa suke yaudarar kansu, shi ne kaifin gani da saurin amsawa. Yawancin waɗannan manhajoji lissafi ɗaya suke amfani da shi, wanda ake kira FFT. Asalinsa daga Joseph Fourier ne, masanin lissafi ɗan Faransa da ya wallafa aikinsa a 1822, sai Cooley da Tukey suka fito da hanyar yin sa cikin sauri a kwamfuta a 1965. Manhajar tana yanko ɗan guntun sauti ne ta rarraba shi, kuma girman guntun shi ke yanke abin da za ka gani.

Ɗauki sautin da aka naɗa a samfur 44,100 kowane sakan. In girman guntun 1,024 ne, kowane gurbi a hoton yana da faɗin kusan Hz 43, kuma guntun milisakan 23 ne kacal. Hoton zai yi ta tsalle yana bin kowane bugun ganga, amma a ƙasa kusan makaho ne, domin igiyar gitar bes mafi kauri tana kan Hz 41, sautin da ke bi mata yana wajen Hz 44, tazararsu ba ta kai Hz 3 ba. In ka ɗaga girman zuwa 8,192, gurbin ya koma Hz 5 da ɗoriya, guntun kuma milisakan 186. In ka kai 16,384, ka kusa rarrabe waɗancan sautuka biyu, amma yanzu guntun ya haura sulusin sakan, kuma a waƙa mai bugu 120 a minti tazarar bugu da bugu rabin sakan ce. Kik, wato babbar ganga mai kauri, da abin da ya biyo bayansa sun cakuɗe ke nan. Babu kuɗin da zai saya maka kaifi da sauri a lokaci guda, haka lissafin yake. Abin nema shi ne analaizar da za ta bar ka ka canza wannan lamba da kanka.

Na uku shi ne karkata. A yawancin kiɗa, ƙarfi yana raguwa ne yayin da ake hawa sama, don haka in aka zana shi yadda yake, kowace waƙa za ta yi kama da gangare, ka ɗauka bes ya yi yawa alhali lafiya lau yake. Shi ya sa ake karkata hoton da wasu desibel a kowace oktaf. Hayaniyar gwaji da injiniyoyi ke kira mai ruwan hoda tana sauka da desibel 3 a kowace oktaf, saboda haka karkatar 3 tana miƙar da ita. SPAN da Pro-Q duka sun zo a kan 4.5. In ka kalli waƙa ɗaya a analaiza biyu masu karkata daban, za ka rantse waƙoƙi biyu ne.

Na huɗu, ko tana iya ɗora hoton tasha biyu a kan juna (tasha ita ce layin sautin murya ko kayan kiɗa ɗaya), da kuma raba tsakiyar sitiriyo da gefensa. Sai kuɗi, da ɗorewa, da sauƙin koyo, da haɗari. Ɗorewa a manhaja tana nufin ko masu ita suna ci gaba da sabunta ta, ta yadda aikin da ka adana bana zai buɗe bayan shekara 5 a sabuwar kwamfuta.

Haɗari ɗaya kuwa duk sun yi tarayya a cikinsa, gara in faɗe shi tun yanzu. Kunnen ɗan Adam ba ya jin matakai daidai wa daida. Fletcher da Munson sun nuna haka a 1933: mun fi jin abin da ke tsakanin Hz 2,000 da 5,000, kuma jin kauri yana canzawa gwargwadon yadda aka ƙure sifika. Ɗan tudun da bai taka kara ya karya ba a allo, in yana wajen Hz 3,000, zai iya hana mutum sauraron waƙa har ƙarshe. Babban tudu a Hz 40 kuwa wataƙila sifikar waya ba za ta ma fitar da shi ba.

Wadda ta zo da manhajarka

Kafin ka sauke komai, duba abin da ke cikin manhajar da kake haɗa kiɗa da ita. FL Studio na da Fruity Parametric EQ 2, mai haskaka matakan da ke da ƙarfi a bayan layukan ikwalaiza (kayan ƙara ko rage ƙarfin wani mataki), ga kuma Wave Candy. Ableton Live na da Spectrum, wanda ke barin ka ka canza girman guntun, da EQ Eight mai nuna hoto. Logic Pro na da MultiMeter da hoton cikin Channel EQ. Cubase ya samu SuperVision tun fitowar Cubase 11 a 2020, kuma wannan cikakken kayan awo ne. Reaper ma yana iya nuna taswirar sauti a kan fayil ɗin kansa.

Ba ka ƙara ko sisi ba, kuma ɗorewarsu ba ta da na biyu, domin muddin manhajar na raye suna raye, aikinka ba zai taɓa buɗewa ya ce wani fulogin, wato ƙaramar manhajar da aka ƙara daga waje, ya ɓata ba. Rauninsu shi ne ba duka ke ba ka ikon saita karkata da tsawon lokacin da ake tara matsakaici ba, kuma in ka sauya manhaja idonka zai sake koyon karatu daga farko. Don gano rurin da ke ƙasan makirufo ko tsinin da ke cikin murya, sun isa.

Voxengo SPAN

Wannan shi ne wanda nake fara nuna wa duk mai tambayata. Kyauta ne, ba na gwaji ba ne mai ƙarewa, yana aiki a Windows da Mac, kuma ya daɗe a hannun mutane ana sabunta shi. Duk abin da na lissafa a sama yana hannunka: girman guntu, karkata, laushin layi, tsawon matsakaici. Yana raba tsakiya da gefe. A ƙasansa akwai ma'aunin ƙarfi, da mai ƙirga sau nawa sauti ya fashe, da ma'aunin jituwar hagu da dama wanda ke tafiya daga +1 zuwa -1. In allurar nan ta zauna a ɓangaren -1, wani abu zai ɓace daga waƙarka ranar da aka saka ta a sifika guda.

Akwai wani abu a cikinsa da na fi so fiye da hoton kansa: za ka iya dannawa a kan hoton ka ja, sai ya toshe komai ya bar maka wannan ɗan siririn yanki kaɗai ka ji. Ta haka ido ke koya wa kunne. Ka ga tudu a Hz 300, ka saurare shi shi kaɗai, ka ji ashe wannan ne duhun da ke sa murya kamar daga cikin kwali take fitowa. Bayan wata biyu kana haka, za ka fara kiran lambar kafin ka kalli allo.

Inda yake ba da wahala shi ne farkon shiga. Yadda yake zuwa, layin na rawa da sauri, cike da ƙananan tsini, sabon shiga sai ya ga matsala ko'ina. Shawarata ita ce ka adana saiti biyu. Ɗaya mai sauri, mai matsakaicin guntu, don bin ganga da murya. Ɗaya mai babban guntu, mai laushin layi, mai dogon matsakaici, don kallon waƙa gaba ɗaya. Ɗora tasha biyu a hoto guda yana yiwuwa a na kyautar, sai dai sai ka yi ɗan haɗe-haɗen hanyoyin sauti. SPAN Plus, wanda ake saya, shi ya sauƙaƙa wannan. Sannan SPAN kallo kawai yake yi, ba ya gyara komai, in ka ga matsala sai ka buɗe ikwalaiza daban.

FabFilter Pro-Q

Pro-Q ikwalaiza ce daga wani kamfani da ke Amsterdam, amma hoton da ke bayanta ya yi kyau har wasu ba sa buɗe wata analaiza. Pro-Q 3 ta fito a 2018, Pro-Q 4 a ƙarshen 2024. Fa'idarta ita ce ido da hannu suna wuri ɗaya. Kana iya ganin sauti kafin gyara da bayan gyara a tare. In ka tsayar da linzami a kan hoton, sai ya daskare ya nuna maka tsinin da suka fi fitowa, ka kama ɗaya ka ja shi ƙasa. Tana kuma iya jera maɓallan fiyano a ƙasan hoton, ka san tudun da kake kallo wane sauti ne a kiɗan.

Abin da ya sa ta yi fice a miksin shi ne, in ka saka ta a tashoshi da yawa, kowacce na iya nuna hoton 'yar'uwarta, kuma inda biyu suka yi karo sai wurin ya yi ja. Ka saka ɗaya a kik, ɗaya a bes, nan take ka ga ashe dukansu a Hz 60 suke kokawa. Daga nan shawara taka ce: ko kik ya riƙe ƙasa bes ya hau kaɗan, ko akasin haka, ko ka sa ikwalaizar ta riƙa rage bes a daidai lokacin da kik ya buga kawai.

Tana da tsada in aka kwatanta da sauran ikwalaizoji, kodayake suna ba da gwajin kwana 30, kuma kamfanin yana da tarihin kula da kayansa. Sauƙin amfani kuwa babu kamarta a jerin nan. To, wannan sauƙin shi ne haɗarinta. Na taɓa zama da muryar wata mawaƙiya ina ta jan kowane tsini ƙasa, hoton yana ta yin sumul, raina yana ta yin daɗi. Da na kashe ikwalaizar don in kwatanta, sai na ji ta asalin ta fi rai nesa ba kusa ba. Tsinin da nake yankewa su ne sautukan da take rerawa. Kowace murya da yawancin kayan kiɗa suna da tushen sauti da 'ya'yansa a sama, ninki biyu, ninki uku, haka har sama, kuma a allo tsini suke fitowa. Tsinin da ke tafiya tare da waƙa kiɗa ne. Wanda ya kafe a wuri ɗaya ko da mawaƙi ya canza sauti, shi ne abin zargi, domin galibi daga ɗaki yake ko daga makirufo. Jan launin ma ba umarni ba ne. Gita da fiyano suna iya haɗuwa a mataki ɗaya su yi daɗi.

In kuɗin ya yi maka nauyi, TDR Nova na kamfanin Tokyo Dawn tana da nau'in kyauta, ikwalaiza ce mai motsi gwargwadon ƙarfin sauti, da hoto a bayanta.

iZotope RX da sauran masu taswira

A nan aikin ya sha bamban. RX ba ya tsayawa ga abin da ke wucewa yanzu, yana shimfiɗa maka fayil ɗin gaba ɗaya kamar tabarma, ka ga kowane abu a inda ya faru. Kowace matsala da kamanninta. Ƙas ɗin faifai ko na baki siririn layi ne a tsaye. Rurin wutar lantarki layuka ne a kwance, ɗaya bisa ɗaya kamar tsani. Shuuu ɗin kaset hazo ne da ya rufe sama. Tari ko ƙarar kujera ɗan dunƙule ne a tsakanin kalmomi. Tsohon talabijin mai bututu da ke kunne a ɗakin naɗi yana barin layi siriri wajen Hz 15,600 zuwa 15,700, wanda manya da yawa ba sa ji amma yara na ji.

Wani aiki da na yi ya nuna mini bambancin sarai. An kawo mini tsohon kaset na wani dattijo da ya rasu, iyalansa suna son a tsabtace muryarsa. Na juye shi a kwamfuta, sai ga ruri a ƙasa. Mai layi ya nuna mini tudu a Hz 50, na yanke shi, rurin bai tafi ba. Da na buɗe taswira sai na ga tsanin: 50, 100, 150, har sama da haka. Amma abin da ya tsayar da ni shi ne layukan iri biyu ne. Wasu suna ɗan lanƙwasa kamar igiyar da iska ke kaɗawa, wasu kuma a miƙe suke sak kamar an ja su da rula. Masu lanƙwasar suna cikin kaset ɗin tun ranar naɗi, shi ya sa suke bin rawar gudun tef. Miƙaƙƙun kuwa ba su san da tef ba, daga wayoyina suka shigo lokacin juyewa. Na canza yadda na haɗa na'urorin da wuta, na sake juyewa, rabin rurin ya tafi ba tare da na taɓa muryar dattijon ba. Mai layi ba zai taɓa nuna mini wannan ba, domin ba ya tuna abin da ya faru sakan ɗaya da ya wuce. Ga wanda ke karɓar aiki daga nesa: wutar Turai da Afirka da mafi yawan Asiya Hz 50 ce, ta Amurka da Kanada Hz 60, don haka tsaninsu 60, 120, 180 ne.

Taswira kuma tana tona asirin fayil. In aka aiko maka da kiɗa a matsayin WAV amma ka ga an yanke sama da Hz 16,000 kamar da almakashi, akwai yiwuwar ya taɓa zama MP3 mai ƙarancin inganci, misali na kilobit 128. Gara ka nemi na asali tun kafin ka fara.

RX yana zuwa hawa uku, Elements da Standard da Advanced, kuma Spectral Repair, wanda ke ba ka damar zagaye dunƙulen tari ka goge shi, yana cikin manyan biyun. Manyan nan sun fi kusan komai a jerin nan tsada, ana kuma fitar da sabon nau'i a kai a kai wanda hawansa sai da ƙarin kuɗi. Koyon karanta taswirar yana ɗaukar makonni. Haɗarinsa shi ne wuce gona da iri: in ka matsa wa mai cire hayaniya, murya takan koma kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa, da wani ɗan ƙyalƙyali a bayanta. Hayaniya kaɗan ta fi wannan sauƙin saurare. SpectraLayers na Steinberg da Adobe Audition suna irin wannan aiki, na biyun biyan wata-wata ake yi. Audacity kuwa kyauta ne, yana da taswira, yana da matatar da ke yanke siririn mataki guda, kuma ya isa ka koyi karatun da shi kafin ka kashe kuɗi.

Insight da Tonal Balance Control

Waɗannan biyun na iZotope ne, an yi su ne don matakin ƙarshe. Insight ya tara layi da taswira mai tafiya da ma'aunin faɗin sitiriyo da ma'aunin LUFS, mai auna ƙarfin waƙa a kunne, a taga ɗaya. Tonal Balance Control kuwa yana zana maka wata hanya mai faɗi, ko daga nau'in kiɗa ko daga waƙar da ka ba shi da kanka, ya nuna ko taka tana ciki ko ta fita. Ga mai aiki a ɗakin da ba a gyara bangonsa ba, wanda bes ke yi masa ƙarya kullum, wannan taimako ne na gaske.

Na kuɗi ne, galibi an fi samun su cikin tarin kayan kamfanin. Suna da sauƙin karantawa. Haɗarin shi ne ka mayar da hanyar nan doka. Matsakaici ne na waƙoƙin wasu, kuma waƙar da murya da ganga ɗaya ce kawai a cikinta ba za ta zauna a hanyar da aka zana daga kiɗa mai kaya ashirin ba. Na fi amincewa da shi idan ni na zaɓo waƙar kwatancen.

Kusan duk wannan kana iya yin sa da SPAN in ka yi haƙuri: ka daidaita ƙarfin waƙarka da na wadda kake kwatantawa, ka sa dogon matsakaici, ka gwada amshi da amshi, ba amshi da baiti ba. Sannan ka duba gefen sitiriyo, in akwai ƙarfi sosai ƙasa da Hz 100 ka binciki dalili. Ka kuma tuna hoton matakai ba ya gaya maka ƙarfin waƙa a kunne. Wannan aikin LUFS ne. Spotify yana daidaita waƙoƙi zuwa -14, yana kuma ba da shawarar kada ƙololuwar sauti ta haura desibel -1, ƙa'idar gidajen rediyo da talabijin na Turai ta EBU R128 kuwa -23 ce. Youlean Loudness Meter yana da nau'in kyauta mai wannan awo.

Na'urar tebur da manhajar waya

Akwai na'urori irin TC Electronic Clarity M, ƙaramin allo mai zaman kansa da ke nuna matakai da ƙarfi ba tare da ya cinye maka wuri a allon kwamfuta ba. Yana da tsada, yana da ƙarko irin na ƙarfe, amma ba ya ganin abin da manhaja ba ta gani. Jin daɗin aiki kake saya. Manhajar waya kuwa ɗakin take aunawa ta ƙaramin makirufon da aka yi don magana, saboda haka kada ka yanke hukuncin bes da ita. Tana da amfani a dandali, in sifika ta fara kuka kana son sanin matakin da za ka rage cikin gaggawa.

| Zaɓi | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Inda ya fi ƙarfi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Na cikin manhaja | Babu ƙari | Sosai | Mai sauƙi | Duba na yau da kullum | Saiti kaɗan a wasu |
| SPAN | Kyauta | Sosai | Sai an saita | Miksin da mastarin | Hoton farko na ruɗarwa |
| Pro-Q | Mai tsada | Sosai | Mafi sauƙi | Karon tashoshi | Yanka da ido |
| RX | Manyan na da tsada sosai | Sabuntawa da kuɗi | Sai an koya | Gyaran sauti | Wuce gona da iri |
| Audacity | Kyauta | Sosai | Matsakaici | Koyo da ƙaramin gyara | Kayan gyara kaɗan |
| Insight da Tonal Balance | Mai tsada | Da kyau | Mai sauƙi | Mastarin | Bin hoto kamar doka |
| Na'urar tebur | Mai tsada | Ƙarkon ƙarfe | Mai sauƙi | Kallo a kowane lokaci | Kuɗi ba ƙarin gani |

Ban saka fulogin na sata a teburin ba da gangan. Bayan haƙƙin masu shi, yakan zo da ƙwayar cutar kwamfuta, yakan kuma ƙi buɗewa ranar da mai waƙa ke zaune yana jira. Tunda SPAN da Nova da Audacity da Youlean suna nan kyauta, babu dalilin ɗaukar wannan kasada.

Wa ya dace da me

In yanzu ka fara, kana haɗa kiɗanka kana miksin da kanka, ka tsaya a kan na cikin manhajarka, ka ƙara SPAN a tashar ƙarshe, ka yi watanni kana sauraron yanki-yanki da shi. Kuɗin da ke hannunka ya fi amfani a hedifon mai kyau ko gyaran bangon ɗaki.

In miksin ne sana'arka, kana karɓar waƙoƙi masu tasha 40 ko 60, lokaci kuma yana ƙure maka, Pro-Q za ta biya kuɗinta ta hanyar nuna karon tashoshi kaɗai. Ka saba da rufe hoton kafin ka yanke shawarar ƙarshe.

In aikinka tsofaffin kaset ne, ko faifai, ko naɗin taro, ko muryar fim da aka ɗauka a waje, taswira ce kayan aikinka na farko. Ka koya da Audacity, ranar da aka fara biyan ka kuɗin gyara ka hau RX Standard.

In mastarin kake yi a ɗakin da ka amince da shi, SPAN mai dogon matsakaici da ma'aunin LUFS da waƙoƙin kwatance uku da ka san su ciki da waje sun wadatar. In kuwa ɗakin yana ɓoye maka bes, ko kana aikin da gidan talabijin zai auna da ƙa'ida, Insight da Tonal Balance Control sun cancanci kuɗinsu.

Mai kula da sauti a dandali kuma ya fara duba miksarsa, domin na zamani irin Behringer X32 suna zuwa da analaiza a cikinsu, manhajar waya ta zama ta ko-ta-kwana a aljihu.